Bangon zuciyar kyanwa ya kai milimita 6: HCM ce ke nan, ko da sauran bincike?

Ɗalibar_Dabbobi:
Assalamu alaikum, malamaina. Tambayata a kan ciwon kaurin tsokar zuciya na kyanwa ne, wanda ake taƙaitawa da HCM. Abin da na riƙe daga karatu shi ne, idan aka auna bangon ɗakin ƙasa na hagu da sikanin, lokacin da zuciya ta saki ta cika da jini, aka samu milimita 6 ko sama, to an gano cutar. Amma sai ga wasu rahotanni ana rubuta "kamannin HCM" maimakon a kira ta da sunanta kai tsaye. Ina bambancin yake? Sannan inda babu na'urar sikanin zuciya, da me za a kama? A ɗauka muzuru ne ɗan shekara 9, an ji shuu (ƙarar gudun jini a zuciya) a ƙirjinsa, yana cin abinci, numfashinsa lafiya lau.

Bazazzagen_Likita:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Adadin da kika riƙe daidai ne, amma rabin magana ce. Milimita 6 tana gaya miki bango ya yi kauri, ba ta gaya miki abin da ya kawo kaurin. HCM ta ainihi ita ce wadda laifin daga tsokar kanta yake, sau da yawa ta hanyar gado, ba wata cuta ce daga wani sashen jiki ta tilasta mata ba. Don haka ba a sa mata wannan suna sai an kore masu kwaikwayonta. A muzuru ɗan shekara 9 biyu ne a gaba: hawan jini da yawan aikin tayirod, ƙullutun da ke wuya. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin dabbobi ta ACVIM ta Amurka ta fitar a 2020 ita ce ta zaunar da wannan rabon tsakanin kamanni da cuta. A cikinta ƙasa da milimita 5 lafiya ne, 6 zuwa sama kauri ne, tsakanin 5 da 6 kuwa wurin shakka ne, sai an haɗa da girman kyanwar da sauran abin da aka gani.

Mai_Sikanin:
Ni zan ja mu baya kaɗan. Kafin a nemi dalilin kauri a tabbatar 6 ɗin nan ta gaskiya ce, domin a wurin awon aka fi yin ɓarna. Zuciyar kyanwa a asibiti tana bugawa sau 140 zuwa 220 a minti, bangon da ake aunawa kuma bai fi ƙwayar wake ba. Kuskuren milimita ɗaya ya isa a liƙa wa lafiyayyar kyanwa cutar da ba ta da ita.

Kan na'urar da ake so ƙarami ne, mai megahaz 7.5 zuwa 12, wanda zai zauna tsakanin haƙarƙari biyu. Wanda ake duba cikin tunkiya da shi, mai 3.5 zuwa 5, zai nuna ruwa a ƙirji sarai, amma ba a yanke hukuncin milimita da shi. A kwantar da kyanwar ta gefen dama a kan tebur mai yankakken gefe, a jiƙa gashin da sifirit ko a aske, a ɗora kan na'urar daga ƙasa. A ɗauki hoton tsawon zuciya, a ɗauki na yankan gicciye. Awon a yi shi a kan cikakken hoto, kada a dogara da M-mode, wato awo ta layi guda, shi kaɗai, saboda kaurin HCM yakan taru a wuri guda, misali saman katangar da ta raba ɗakunan ƙasa daf da bakin awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, kuma layi ɗaya zai iya wuce shi bai taɓa ba. A tsayar da hoton daidai lokacin da ƙyauren mitiral, da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu, ya rufe, inda ramin ɗakin ya fi faɗi. Idan aka makara da hoto biyu kawai, zuciya ta riga ta fara matsewa, bango zai fito da kaurin da ba nasa ba.

Abubuwa uku ke ƙara wa awo ƙarya: a haɗa da tsokokin da ke riƙe zaren ƙyaure, a haɗa da siraran zaruruwan da ke kwance jikin katanga, ko a yi yankan a karkace. Kowane wuri a auna shi a bugu uku a ɗauki matsakaici, sannan a rubuta wurin da ya fi kauri da sunansa.

Bakatsine_77:
Dakta Mai_Sikanin, a ƙara da nauyi. Milimita 5.5 a jikin babbar kyanwa jinsin Maine Coon mai kilo 8 ba abin tashin hankali ba ne. Wannan adadin a jikin magenmu ta gida mai kilo 2.5 ko 3 abin zargi ne.

Ɗan_Damagaram:
Akwai mai kwaikwayo guda da ya fi shafarmu mu da ke ƙasashen zafi, kuma ba a kawo shi ba tukuna: bushewar jiki. Idan ruwan jiki ya ragu, jinin da ke komawa zuciya yana raguwa, ramin ɗakin hagu ya tsuke, tsokar ta tattaru, sai bango ya bayyana da kauri alhali nauyin tsokar bai ƙaru da komai ba. Kyanwar da ta yi kwana biyu tana amai ko gudawa a bazara, ko mai ciwon ƙoda, ko wadda aka yi wa allurar furosemid mai fitar da ruwa daga jiki kafin a kawo ta sikanin, duk za su iya haura milimita 6 ta wannan hanya. Alamar da ke tona asiri ita ce ɗakin sama na hagu ƙarami ne, ramin ƙasa ma ƙarami. A taɓa dasashi a ji ko ya bushe, a ja fatar bayan wuya, a auna PCV (kason jajayen ƙwayoyin jini) da furotin na jini. A gyara ruwan, a sake sikanin bayan kwana ɗaya ko biyu.

Bazazzagen_Likita:
Haka ne, Malam. Sai dai a duba ɗakin saman kafin a rataya ƙarin ruwa. Idan ya riga ya faɗaɗa, ƙarin ruwa da sauri shi zai cika huhu. A irin wannan hali a hankali ake tafiya, ana ƙirga numfashi a kai a kai.

Hajiya_Maguna:
Ɗiyata, ki dawo kan shuu ɗin da kika ambata, don shi ne ya fara kai muzurun naki gaban likita. Kada ki ba shi nauyin da bai da shi. A binciken CatScan da aka buga a 2015, an duba maguna 780 masu kamar lafiya a gidajen ajiye maguna a Ingila. Kusan kashi 41 cikin ɗari an ji musu shuu, amma masu HCM kusan kashi 15 ne. Ke nan da yawa masu shuu zuciyarsu ƙalau take, kuma akwai masu HCM da ba a ji musu komai. Shuu na kyanwa yana tashi idan ta tsorata, ya ɓace idan ta natsu. Wani lokaci ma likita ne ke jawo shi da danna abin sauraro da ƙarfi a kan ƙirji mai laushi.

Abin da ya fi shuu tsoratarwa shi ne bugu na uku, wanda ke sa zuciya ta yi sauti kamar sukuwar doki, sai kuma bugun da ke tsallake. Idan kin ji ɗaya daga cikinsu, wannan kyanwar tana bukatar sikanin ko da tana wasa.

Sakkwato_Dabbobi:
Kuma kafin komai a ɗaga leɓe a dubi dasashi. Ƙarancin jini yana sa shuu, yana kuma faɗaɗa zuciya idan ya daɗe. PCV na kyanwa 30 zuwa 45 ne. Da ya faɗo ƙasa da 20 shuu ba abin mamaki ba ne. Ƙuma mai yawa, tsutsar ciki mai shan jini, ƙwayar Maikofilasma da ke manne wa jajayen ƙwayoyin jini, da ciwon ƙoda duk suna kaiwa can. Bututun gilashi ɗaya da minti biyar na juyawa sun isa a sani.

Ɗalibar_Dabbobi:
Na gode ƙwarai. To hawan jinin da Dakta Bazazzage ya sa a gaba, yaya ake auna shi a kyanwar da tsoro kaɗai zai iya ɗaga mata jini?

Likitan_Ƙoda:
Da haƙuri ake yi, ƙanwata, kuma shi ake fara yi kafin a saka ma'aunin zafi ko a ɗebi jini. A bar kyanwar minti 5 zuwa 10 a ɗaki shiru tare da mai ita. Na'urar Dofila ta fi dacewa da maguna. Faɗin abin ɗaurawa ya zama kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na zagayen ƙafar gaba ko gindin wutsiya. Idan ya yi siriri zai ba da adadi sama da gaskiya, idan ya yi faɗi zai ba da ƙasa. Ya kasance daidai tsayin zuciya. A yar da awon farko, a ɗauki 5 zuwa 7 masu kusanci da juna, a fitar da matsakaici. Ƙasa da 140 lafiya ne, 140 zuwa 159 gargaɗi, 160 zuwa 179 hawan jini, 180 zuwa sama mai tsanani.

Awo na rana ɗaya ba ya isa a fara magani, sai an maimaita a wata ranar, in ba an ga ɓarna a ido ba. Shi ya sa duba bayan ido yake cikin binciken zuciyar tsohuwar kyanwa: ɗigon jini a tantanin bayan ido, jijiyoyi masu murɗewa, tantanin ya ɓaɓɓako, ko jini a gaban ido. Idan an ga wannan tare da 160 zuwa sama, ranar ake fara amlodifin, miligiram 0.625 sau ɗaya a rana, ko 1.25 idan jinin ya kai wajen 200, a sake awo cikin kwana 1 zuwa 3. A haɗa da gwajin kiriyatinin na aikin ƙoda da gwajin fitsari, don yawancin hawan jinin maguna bayan ƙoda yake biyowa.

Mai_Sikanin:
Ƙari kaɗan a kan wannan: kaurin da hawan jini ke kawowa galibi ba ya tsanani. Idan an ga milimita 8 ko 9 da babban ɗakin sama, jini kuma 165, kada a ɗora wa jinin laifin duka. Ba abin da ya hana kyanwa ɗaya ta ɗauki cutar biyu.

Bakatsine_77:
Batun tayirod ɗin nan, anya ba cutar magunan Turai masu cin abincin gwangwani ba ce? Gwajin T4, sinadarin tayirod ɗin, yana da tsada ga mai kyanwar gida.

Hajiya_Maguna:
Malam Bakatsine, cuta ce ta tsufa kafin ta zama ta wata ƙasa. Duk inda kyanwa ta kai shekara 9 ko 10 ta shiga layin. Ƙa'idar 2020 ta ce a auna T4 ga duk kyanwar da ta kai shekara 6 in an ji wani abu a ƙirjinta ko an ga kauri. Kafin kuɗin gwaji ma akwai na hannu: a ɗaga haɓar kyanwar kaɗan, a sa babban yatsa da manuni gefe biyu na maƙogwaro, a zame su a hankali daga sama zuwa bakin ƙirji. Ƙullutun da ya kumbura zai sulle ƙarƙashin yatsa kamar ƙwayar gyaɗa. A tambayi mai ita ko tana ci da yawa amma tana ramewa, tana yawan shan ruwa, tana kuka da dare. Zuciya kuma takan haura 220.

Tarko guda: wata cuta mai tsanani takan danne T4 ya faɗo cikin iyakar lafiya. Idan alamu sun nuna amma sakamako ya tsaya can saman iyaka, a maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu. Amfanin gano shi babba ne, don idan aka daidaita tayirod da kabimazol ko metimazol, kaurin yakan ragu cikin watanni. HCM ta gado ba ta yin haka.

Likitan_Ƙoda:
Na uku da ake mantawa shi ne ƙari a ƙullutun fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai zubo sinadarin girma fiye da kima. A yi zarginsa a muzuru mai ciwon sukari da insulin ya kasa daidaitawa, yana ƙara nauyi maimakon ramewa, fuska ta yi faɗi, haɓar ƙasa ta turo gaba. Gwajinsa IGF-1 ne, sama da nanogiram 1000 a mililita. Idan ba a daɗe da fara insulin ba sakamakon zai iya fitowa ƙasa, a jira mako 6 zuwa 8.

Ɗan_Damagaram:
Mu koma rabin tambayarta na biyu, inda babu sikanin. Hoton ƙirji ba ya ganin kaurin bango, domin HCM ciki take cin ramin zuciya, inuwar waje kuma tana nan yadda take har sai ɗakunan sama sun kumbura. Ana auna tsawo da faɗin zuciya a hoton gefe, a gwada su da ƙasusuwan baya farawa daga na huɗu na ƙirji. Jimilla wajen 7.5 lafiya ne, sama da 8 zargi ne. Siffar nan mai faɗin sama da tsinin ƙasa tana nuna ɗakin sama ya girma, amma ba ta faɗin wace irin cutar tsoka ce. ECG kuma, gwajin lantarkin zuciya, don gane irin tsallen bugu yake da amfani, ba don kore HCM ba.

Mai_Ɗakin_Gwaji:
Akwai gwajin jini na NT-proBNP, sinadarin da tsokar zuciya ke saki idan ta sha miƙewa. A gwajin adadi, ƙasa da fikomol 100 a lita yana nuna da wuya a samu cuta mai nauyi. Akwai kuma na take-yanke, SNAP na kamfanin IDEXX, mai ba da amsa cikin kusan minti goma: daidai ko ba daidai ba. Iyakarsa biyu ce. Ba ya kama cuta mai sauƙi, ke nan sakamako mai kyau ba takardar shaidar lafiya ba ce. Sannan ciwon ƙoda, hawan jini da tayirod duk suna ɗaga shi, wato masu kwaikwayon nan dai su ne ke rikita shi. Inda ya fi aiki shi ne a kyanwa mai haki, don raba na zuciya da na huhu, kuma ana iya yin sa da ruwan da aka zuƙo daga ƙirji. A kula da ajiyarsa, na firji ne, rashin wuta yana lalata shi.

Sakkwato_Dabbobi:
Tunda an zo kan haki, a ba ni dama in tsawaita, don a nan ake rasa maguna a kan tebur. Kyanwar da ke numfashi da baki buɗe ba a kwantar da ita don hoton ƙirji, ba a danne ta don ɗibar jini. Iskar oksijin da farko, butofanol mai kwantar da hankali miligiram 0.2 kowane kilo a tsoka, a bar ta a zaune bisa ƙirjinta. Wadda zafin mota ya sa ta haki takan lafa cikin mintuna kaɗan a wuri mai sanyi. Wadda ba ta lafa ba, ba zafi ba ne.

Abin da ke karkata hukunci zuwa zuciya: sukuwa a ƙirji, zafin dubura ƙasa da 37.5, bugu sama da 200, numfashi sama da 80 a minti. A nan ko na'urar duba cikin tunkiya za ta taimaka, tana zaune a ɗora mata a gefen ƙirji. In an ga ruwa kewaye da huhu a zuƙe shi nan take: allura mai fiffike lamba 21 ko 23, tsakanin haƙarƙari na 7 da na 8, a bi ta gaban ƙashin haƙarƙarin don jijiyoyi a bayansa suke. In kuma fararen layuka ne masu saukowa daga saman huhu tare da babban ɗakin sama, furosemid miligiram 1 zuwa 2 kowane kilo.

Ruwan da aka zuƙo kada a zubar. Mugunya mai wari tana nuna ƙwayar cuta ta shiga ƙirji. Rawaya mai yauƙi a ƙaramar kyanwa yana sa a tuna FIP, cutar birus mai tara ruwa a ciki da ƙirji. Fari kamar madara zai iya zama daga zuciya, zai iya zama daga ƙari. A matashiyar kyanwa a matsa gaban ƙirji a hankali, in ya ƙi lotsawa a nemi sankarar limfoma a yi gwajin FeLV, birus ɗin sankarar jinin maguna. Asma kuwa wahalarta wajen fitar da iska take, da tari da shaƙa, ɗakin sama kuma daidai.

Bazazzagen_Likita:
Allah ya saka, Dakta. In ƙara gargaɗi ɗaya: zailazin, allurar sa barci da ya zama abin hannu a asibitocinmu, ba na wannan kyanwar ba ne. Yana rage bugu, yana matse jijiyoyi, yana kuma sauya awon sikanin. Ketamin shi kaɗai yana hanzarta zuciya. Ga mai faɗa da za a yi wa sikanin cikin natsuwa, gabafentin miligiram 50 zuwa 100 a gida kamar awa biyu kafin a taso ya fi, a rage wa mai ciwon ƙoda.

Mai_Sikanin:
Akwai mai kwaikwayon da ya fi duka kama da ita, har da ruwa a huhu da babban ɗakin sama, amma yana warkewa: kaurin wucin gadi. Binciken da aka buga a 2018 ya bi maguna 21 masu irin wannan. Yawancinsu ƙanana ne, 'yan shekara biyu ko ƙasa, kuma galibi wani abu ya faru kwanaki kaɗan kafin hakin, kamar allurar barci don fiɗiya, haɗarin mota ko zazzaɓi. Bangon ya koma daidai cikin kusan wata uku, aka daina magani. A ranar farko ba mai iya raba shi da HCM ta hoto kaɗai. Tiroponin, sinadarin da ke hawa a jini in tsokar zuciya ta ji rauni, yakan yi sama sosai, amma hujjar ƙarshe ita ce sake sikanin bayan wata ɗaya, sannan wata uku zuwa shida. Saboda haka ƙaramar kyanwa mai ruwa a huhu bayan tiyata ba a yanke mata ƙauna a ranar. A nemi abin da ke kumbura tsokar zuciya kuma: Tokzofilasma, Batonela da ƙuma ke yaɗawa, FIV mai karya garkuwar jikin maguna.

Hajiya_Maguna:
A tambayi tarihin allura ma. Depo-Medrol da ake yawan yi don ƙaiƙayi ko ciwon baki yana jawo ruwa ya ƙaru cikin jijiyoyi, wasu maguna su faɗa haki cikin kwanaki kaɗan. Mai ita ba zai faɗa ba sai an tambaye shi, don a wurinsa maganin fata ne.

Bakatsine_77:
Hajiya, a nan ina da ja. Sau da yawa allurar ba ita ta haifar da cutar ba, HCM ce a ɓoye ta tona. Idan aka gaya wa mai kyanwa "allura ce", zai ɗauka an gama, ba zai dawo ba.

Hajiya_Maguna:
Duka biyun suna faruwa, Malam, kuma sake sikanin ne kawai zai raba gardamar. Abin da za a gaya masa shi ne ya dawo bayan wata uku ko da ta warke sumul.

Ɗan_Damagaram:
Ba duk ciwon tsokar zuciya ne kauri ba, kuma a gidajenmu tambayar abinci wajibi ce. Jikin kyanwa ba ya haɗa sinadarin tawurin da zai ishe ta, daga nama take samu. A 1987 Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna rashinsa yana sa zuciya ta saki ta yi faɗi, bango ya yi siriri, matsewa ta yi rauni, kuma tana farfaɗowa in an mayar da shi. Kamfanonin abincin maguna suka ƙara shi, cutar ta yi ƙaranci a can. Amma kyanwar da aka kulle a ɗaki ana ba ta tuwo da miya, shinkafa, ko abincin kare, ba ta fita kamun ɓera, tana cikin haɗarin har yau. Dafa nama a zubar da romon ma yana tafiya da shi. In an ga faɗaɗɗiyar zuciya maras ƙarfi, a ba da miligiram 250 sau biyu a rana ba tare da jiran gwaji ba, a gyara abinci da zuciyar kaza ko ta rago, naman cinya da kifi. A duba bayan ido, don rashin yana cin tsakiyar tantanin.

Ɗalibar_Dabbobi:
Masu sayen magunan Fasha masu dogon gashi suna tambayar gwajin gado. Yana da amfani gare su?

Mai_Ɗakin_Gwaji:
A'a, ƙanwata. Gwaje-gwajen da aka fi sani na sauyi ne a ƙwayar gado ta MYBPC3: A31P na Maine Coon, wanda aka gano a 2005, da R820W na Ragdoll a 2007. Kowanne na jinsinsa ne. Magunan Fasha da British Shorthair suna cikin masu yawan kamuwa, amma waɗannan gwaje-gwajen ba sa faɗa musu komai. Ko a Maine Coon, rashin sauyin ba ya hana cutar zuwa ta wata hanya. Mai kiwo don haihuwa sikanin zai riƙa maimaitawa.

Sakkwato_Dabbobi:
Wata ƙofar da cutar ke shigowa ta ita: kyanwa ta faɗi farat ɗaya tana ihu, ƙafafun baya sun mutu, mai ita ya ce babur ne ya buge ta. A taɓa cinya ta ciki. In babu bugun jijiya, ƙafa ta yi sanyi, tafin ya yi fari ko shuɗi, tsokar sha-raɓa ta yi tauri, gudan jini ne ya taso daga ɗakin sama na hagu ya toshe inda awota ta rabu biyu. A yanke farce har cikin nama, ba zai yi jini ba. Sukarin jinin wannan ƙafar ya fi na ƙafar gaba ƙasa. Karayar baya ba ta ɗauke bugun jijiya. Maganin zafi mai ƙarfi shi ne farko, kafin kowane hoto.

Bazazzagen_Likita:
Wannan ya dawo da mu kan muzurun ɗalibarmu. A ce an kore jini, tayirod, bushewa da ƙarancin jini, bango ya tsaya a 6.5. Yanzu sunan HCM ya halatta, amma abin da zai faɗi makomarsa ɗakin sama ne, ba bango ba. A yankan gicciye na gindin zuciya, a hoto na farko bayan ƙyauren awota ya rufe, a raba faɗin ɗakin sama da faɗin awota. Ƙasa da 1.6 mataki na B1 ne, mai ƙaramin haɗari: ba magani, sikanin duk shekara. In ya kai wajen 1.8 zuwa sama, ko ana ganin jini yana murɗawa ciki kamar hayaƙi, B2 ne, mai babban haɗari, a fara kilofidogirel mai hana gudan jini miligiram 18.75 a rana, wato kwatan ƙwayar Plavix mai 75. Yana da ɗaci, a sa shi cikin kwanson magani. Mai shi kuma ya riƙa ƙirga numfashi in muzurun yana barci, kada ya wuce 30 a minti.

Bakatsine_77:
In akwai ƙyauren mitiral da ke lanƙwasowa yana tare hanyar fitar jini fa? Ni ina ganin atenolol miligiram 6.25 sau biyu a rana yana da wuri, bugu yana sauka, toshewar tana raguwa.

Mai_Sikanin:
Toshewar tana raguwa, gaskiya ne, amma binciken da aka buga a 2013 bai ga ƙarin tsawon rai ba bayan shekara biyar. Sai in toshewar ta yi tsanani ko akwai tsallen bugu. Sabon abu shi ne Felycin-CA1, sirolimus na sau ɗaya a mako, da hukumar FDA ta Amurka ta ba wa izini na sharaɗi a Maris 2025 don kauri kafin alamu su bayyana. Shi ma sai an kore hawan jini da sauran dalilai, kuma ba a ba mai ciwon sukari ko ciwon hanta.

Ɗalibar_Dabbobi:
Allah ya ƙara basira, malamaina. Saura guda: in mai muzurun kuɗin gwaji ɗaya kawai yake da shi, wanne za a zaɓa?

Likitan_Ƙoda:
Awon jini da duba bayan ido. Shi ne mafi araha, kuma shi ne wanda in an bar shi kyanwa za ta makance.

Hajiya_Maguna:
A shekara 9, in yatsa ya ji ƙullutu a wuya ko nauyi yana sauka, T4 zan zaɓa.

Mai_Sikanin:
Ni kuɗin a kan duba ɗakin sama zan sa shi, ko da na minti biyu ne yana zaune. Musamman in akwai shirin yi masa allurar barci, ƙarin ruwa ko Depo-Medrol nan gaba kaɗan, don girman ɗakin ne zai nuna ko zai iya ɗauka.